Maɓallin Ƙasa, Hannun Dama

Litinin, bakwai da kwata na safe

Yaya ta kira ina tsakiyar sa takalmi. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. "Muryar Umma ta ɓace daga wayar Baba."

Na ce ta ɓace kamar yaya. Ta ce kamar yadda na ji. Jiya bayan la'asar ya kunna, ya saurara har ƙarshe, ya danna don ta sake farawa, shiru. Ya ƙara dannawa, shiru. Da ya kira ta ta duba, babu komai a ciki.

Minti goma sha tara ce. Umma ta ɗauka a ɗakinta wata biyu kafin ta rasu, da manhajar kamfaninmu ta ɗaukar murya da saurare. Ni na saka mata a waya, ni na riƙe yatsanta na nuna mata inda ake dannawa. Da ta rasu wayar ta koma hannun Baba. Shekara ɗaya da wata huɗu ke nan, kullum sai ya saurara sau biyu a jere.

Na ce kada kowa ya taɓa wayar, ina zuwa idan na tashi daga aiki. Ta ce, "To, Injiniya. Kai ne mai abin, kai ka san kansa."

Ban tambaye ta wane wuri ya danna ba.

Litinin, bakwai da rabi na yamma

Na same shi a kujerarsa ta bakin taga, wayar a kan gwiwa, ya ɗora tafin hannu a kanta. Yanar idon ta ƙaru, sai da na yi magana ya gane ni.

"Nan nake dannawa," in ji shi, yana nuna min da babban yatsa. "Ƙasa, hannun dama. Ba na ganin abin da aka zana, amma yatsana ya san wurin. Ko daga barci ka tashe ni zan same shi."

Na duba inda yatsan yake. Na daɗe ina dubawa.

Ya ce tun ranar Asabar da Yaya ta karɓi wayar komai ya canza. Tana tsaye a bakin ƙofa da farantin maganinsa. Ta ce, "Baba, sabunta manhajar kawai na yi, ban goge komai ba."

"Wa ya aike ki?"

Ta kalle ni. Ni kuma na juya wayar ina karanta ƙananan rubutun da ke bayanta, kamar yau na fara ganinsu.

Saƙon yana nan a zauren hirarmu na iyali, ranar Juma'a, da sunana a kai: sabuwar siga ta fito, kowa ya sabunta, aikin ɗan'uwanku ne. Har da hoton wuta guda uku na saka a ƙarshe.

Na taho da wayar. Baba ya ce, "Ka lallaɓa ta."

Talata, ɗaya na rana, ofis

Makon jiya Oga ya sa aka buga hoton sabon allonmu babba, aka manna a bango. Ya ce shi ne allo mafi tsabta da muka taɓa yi. Baƙar fuska, layin lokaci siriri kamar zare, maɓallin kunnawa a tsakiya, ƙanana uku a ƙasa, su ma bayan daƙiƙa uku sai su dushe. Kujerata tana fuskantarsa. Yau na juya ta gefe, na ce hasken taga ne ke damuna.

Na ba Dogo wayar. Ni nake zanawa, shi yake rubuta abin da zai sa zanen ya yi aiki. Na ce ta wani dattijo ce a unguwarmu. Ya haɗa ta da kwamfuta ya yi ta fama kusan awa biyu, sannan ya cire tabarau yana murza ido.

"Ai ka sani. Da shi muke tallata kanmu: muryarka a wayarka kaɗai, in ka goge ta gogu. Ba mu ajiye kwafi, kuma wurin da take ma sharewa muke yi. Shi dattijon bai ga 'Dawo da shi' ba?"

Daƙiƙa biyar rubutun ke yi a ƙasan allo kafin ya ɓace. Ruwan toka ne a kan baƙi. Na san girman haruffan, ba sai na auna ba.

Laraba, shida da rabi na safe

Yaya ta turo: ya ake ciki? Na rubuta: ana kan aiki.

Alhamis, biyar na yamma

Na je wurin mai gyaran waya na hawa na biyu a kasuwa, wanda ake cewa ko wayar da ta kwana cikin ruwa yana tayar da ita. Shagon ɗan tsut ne, warin narkakkiyar dalma, murfin wayoyi a rataye kamar kifi. Da ya buɗe manhajar sai ya yi tsaki.

"Wannan kuma? Kai ne na huɗu a satin nan. Jiya wata baiwar Allah ta zauna nan inda kake tana kuka, maganar farko da jaririnta ya yi ce ta tafi. Dubi nan. Da, kibiyar maimaitawa ce a wurin nan. Yanzu kwandon shara. Kuma ko tambayarka ba ya yi ko ka tabbata. Wanda ya zauna ya tsara wannan, na rantse ba shi da tsoho a gida."

Na ce wataƙila yana da dalilinsa.

"Dalili? Kawo min shi nan in rufe masa ido ɗaya, in ba shi wayar kakata, mu ga dalilin."

Ya gwada abin da zai gwada, ya miƙo min ya ce in yi haƙuri. Ina fita ya bi ni da, "Allah ya isar wa dattijon." Na ce amin. Bakina ne ya faɗa kafin in tare shi.

Juma'a, sha ɗaya na safe

Taro. Ƙorafi tamanin da uku cikin sati ɗaya. Oga ya karanta uku ya ajiye, ya ce mutane dama ba sa son sabon abu, za su saba. Ya juyo wajena. Na ce haka ne, za su saba.

Tsaya-Tukuna tana zaune a ƙarshen tebur. Ita ke gwada duk abin da muka yi kafin ya fita, kuma ni na laƙaba mata sunan, don ba a taɓa kai mata aiki ba ta ce "tsaya tukuna" ba. Sunan ya bi ta, har mai gadi da shi yake gaishe ta. Yau biro kawai take juyawa a tsakanin yatsu.

Sati bakwai da suka wuce, a ɗakin nan, a kujerar nan, ta ɗaga hannu. Ta yi magana a kan tsofaffi, da masu rawar hannu, da mutanen da wuri suka haddace ba hoto ba. Na ba ta amsa. Kowa ya yi dariya, har Oga ya buga tebur. Ba zan rubuta amsar a nan ba. Na iya ta da ka.

Asabar, tara na safe

Matata tana shanya ta ɗaga murya daga waje. "Ni fa shi ya sa hankalina bai tashi sosai ba, tunda kana da kwafi. Ba ka ce ka ajiye a kwamfutarka ba? A gabana ka faɗa wa Baba, sati ɗaya da rasuwa."

Na buɗe kwamfuta. Akwai folda mai suna Umma. Ranar da na buɗe ta tana rubuce, har da ƙarfe da minti. Babu komai a ciki. Sai na tuna: ranar ban zo da kebul ba, na ce gobe.

Ta shigo ta leƙo ta kafaɗata, hannunta na ɗigar ruwa. Ta kalli allon, ta kalle ni, ta koma wurin shanyarta. Da faɗa ta yi da ya fi min sauƙi.

Lahadi, biyar na yamma

Baba ya daina yarda Yaya ta ɗiga masa magani. Da kansa yake ɗigawa, rabi a ido rabi a kunci. In ta kawo abinci sai ya ce ta ajiye, ya huce a wurin. Ba ya faɗa, ba ya zagi. "Ajiye" da "bar shi" su ne duk abin da ke shiga tsakaninsu.

Lokacin saurarensa ya yi ina zaune. Na ga hannunsa ya tafi aljihu, ya dawo, ya kwanta a kan gwiwa.

Na sami Yaya a ɗakinta tana guga. Ba ta ɗago ba.

"Wata bakwai ina juya Umma a kan gado. Ranar da ta yi ɗaukar nan ni na jingina ta da filo, ni na fita na ja mata ƙofa. Yanzu ni ce na goge ta." Ta ɗaga ƙarfen gugar ta ajiye. "Ka faɗa masa ba ni ba ce. Maganarka yake ji."

Na ce sai na gama bincike, kada in faɗi abin da ban tabbatar ba.

Ta ce, "To." Ta juya rigar Baba ta ci gaba.

Litinin, bakwai na safe

Gobe.

Talata, goma na safe

Na riga kowa zuwa, na zana gyara. Kibiyar maimaitawa ta koma ƙasa hannun dama. Kwandon ya hau sama, can nesa da babban yatsa. Tambayar "Ka tabbata?" ta dawo. Minti arba'in ya ɗauke ni. Minti arba'in.

Na kai wa Dogo na ce ya shigar a hankali, ba sai an kira taro ba. Ya ce aikin rabin yini ne, amma babu abin da ke fita sai da sa hannun mai gwaji, kuma na fi shi sanin wannan dokar. Ya nuna da haɓa. "Ga ta can."

Taku goma sha biyu ne daga teburina zuwa nata. Injin ruwa yana tsakiya. Na sha ruwa sau uku yau.

Laraba, biyu na rana

Na je.

Ta karɓi zanen ta duba shi tun daga sama har ƙasa. Sai ta ja durowa ta ciro rahotonta na wancan lokacin, ta buɗe shafi na huɗu, ta ajiye kusa da nawa. Abu ɗaya ne, sai dai nata ya fi: ta ce kwandon ya riƙe abin da aka goge har kwana talatin, kuma maɓallan su daina dushewa. A gefen shafin akwai rubutun hannuna da jan biro. Kalma biyu. Ba buƙata.

Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta ce, "Wa ya rasa me?"

Na ce wani dattijo.

"Mai wayar da ke durowarka tun makon jiya? Wadda kake fito da ita ka mayar?"

Na ce eh.

"Allah ya ba shi haƙuri." Ta ce za ta fara gwaji yau.

Duk tsawon maganar ban kira sunanta ba. Laƙabin ne ke zuwa bakina. Na gaskiyar sai da na tsaya na yi tunani, shekara uku muna ofis ɗaya.

Alhamis, bakwai da rabi na safe

Yaya ta tafi gidan Gwaggo da jaka ɗaya. Ta turo min jerin magungunan Baba da lokutansu, da inda take ajiye sabulun da ba ya sa shi ƙaiƙayi, da cewa a cire masa ƙaya daga kifi ko ya ce yana gani. A ƙarshe ta rubuta: ka riƙe shi kwana biyu, na gaji.

Na ɗauki hutu.

Juma'a, shida na yamma, gidan Baba

Ban san aikin ya kai haka ba. Ƙwaya uku da safe, ɗaya kafin abinci biyu bayan abinci, maganin ɗigawa kala biyu da ba a haɗa su, ruwan wanka da sai an taɓa da gwiwar hannu, takalman da dole su kwana a wuri ɗaya don ƙafarsa ta same su. Duk gidan haka yake. Kofinsa, carbinsa, rediyonsa, kowanne da mazauninsa, kuma Yaya ce ke mayar da su ba wanda ya lura. Na matsar da kujerar cin abinci don in yi shara na manta ban mayar ba. Ya buge ƙwaurinsa. Ya shafa ya wuce.

Bayan la'asar ya ce in ba shi wayar ko da babu komai a ciki. Na ba shi. Ya riƙe ta a kashe, babban yatsan yana kan wurin.

Na ce, "Baba, wataƙila ba laifin Yaya ba ne. Manhajoji ma suna kuskure."

Ya ce, "Na wasu dai. Wannan kai ka yi ta. Har mai shagon bakin layi na faɗa wa, na ce abin da nake jin matata da shi ɗana ne ya ƙera."

Na tashi na ce zan duba ruwan da na ɗora. Ban ɗora ruwa ba.

Asabar, takwas na safe

Na ɗiga masa magani. Ni ma rabi a ido rabi a kunci.

Lahadi, huɗu na yamma

Sau biyu na ce "Baba" ya ce "na'am." Na farko na tambaye shi ko a rage fanka. Na biyu na tambaye shi ko a ƙara.

Litinin, uku na rana

Matata ta karɓe ni a wurin Baba, na koma ofis.

Ƙorafi ya kai ɗari biyu da goma sha biyu. Masu kamfanin sun kira Oga, shi kuma ya kira mu. Ya shigo da takarda ya riga ya rubuta. Ya karanta: an samu giɓi a sashen gwaji, ba a gano matsalar ba kafin sigar ta fita, za a ba wadda abin ya shafa takardar gargaɗi. Ya ce ba wani abu ba ne, don a rufe maganar ne kawai. Bai kalli Tsaya-Tukuna ba, ita ma ba ta kalli kowa ba. Rahoton yana durowarta, na sani, kuma na ga ba ta da niyyar ɗauko shi.

Ba zan ce jarumta na yi ba. Maganar ce kawai ta fito kafin in tare ta.

Na ce, "Oga, ta gano. Ta rubuta, shafi na huɗu. Ni na soke. Ni na matsar da maɓallin, ni na cire tambayar, ni na zaɓi launin rubutun."

Dogo ya sunkuyar da kai. Oga ya ce ai shawarar ta kowa ce, duk mun amince. Na ce kun amince ne bayan na mayar da ita abin dariya. Daga nan na faɗi abin da ban shirya faɗa ba, na ce wayar da na riƙa ajiyewa a durowata ta mahaifina ce.

Injin sanyaya ɗaki yana ta ƙara.

Oga ya naɗe takardarsa. Ya ce in rubuta abin da na faɗa in sa hannu, kuma ni zan rubuta wasiƙar ban haƙuri ga masu amfani da manhajar. Daga yau duk zanen da zai fita sai ya bi ta hannunta tun daga farko, ba a ƙarshe ba. Jagorancin sashen zane da ke hannuna kuma za a sake dubawa. Na gane.

Da muka fito na tsaya a teburinta na kira ta da sunanta. Na ce ta yafe min. Ta ce, "Nawa mai sauƙi ne. A gida sun sani?"

Talata, bakwai na yamma

Gidan Gwaggo. Ta buɗe min ƙofa ta ce yayarka na tsakar gida tana tsinke ganye, kai kuma ka rame, me kake ci?

Na zauna a kan bokitin da aka kife. Na faɗa wa Yaya duka, tun daga taron har folda. Ban kalle ta ba, tiren da ke cinyarta na kalla.

Da na gama ta ce, "Na sani."

Na ɗago.

"Tun ranar da Baba ya ce wa ya aike ki, ka tsaya karanta bayan waya. Ni na goye ka, Injiniya. Haka kake yi tun kana fasa kofi." Ta ci gaba da tsinka. "Ban san maɓalli ne ko me ba, amma na san kai ne. Da na so, da na faɗa masa tun ranar. Na ce bari in ga kwana nawa ƙanena zai bar ni a ciki. Yau sha biyar."

Na ce ki yafe min, Yaya.

"Ba yau ba. Je ka wurinsa tukuna."

Gwaggo ta leƙo ta ce a zubo min abinci? Yaya ta ce a zubo masa, zai buƙaci ƙarfi.

Laraba, shida na yamma

Na ɗauko Yaya a hanya. Ta ce ba za ta shiga ba sai na gama, ta zauna a mota.

Na durƙusa a gaban kujerarsa. Na ce, "Baba, Yaya ba ta goge komai ba. Ni na ce ta sabunta. Wurin da kake dannawa, na cire maɓallin maimaitawa na sa na gogewa. An gargaɗe ni na ƙi ji. Kwafin da na ce na ajiye ma ban ajiye ba. Muryar ba za ta dawo ba."

A waje motar mai kwasar shara ta zo ta wuce.

"Wato yatsana ne ya goge ta."

Na ce a'a Baba, ni ne.

"Kai ka matsar da shi?"

"Ni ne."

"Me ya yi maka a inda yake?"

Na buɗe baki. Akwai amsoshi, na yi su a taro da hotuna da lissafin yatsa da allo. Abin da ya fito shi ne, "Don ya yi kyau."

"Ya yi kyan?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Tun yaushe ka sani?"

Na ce tun ranar farko.

Nan ne fuskarsa ta canza, ba a maganar muryar ba. Ya dafa hannun kujera kamar zai tashi, ya fasa. "Kana kallo ina hana 'yata ta taɓa idona."

Ya ce ina take. Na ce tana waje. Ya ce in kira ta, ni kuma in fita.

Na zauna a matakalar ƙofa. Ban ji abin da ya ce ba. Na ji muryarsa ƙasa-ƙasa ta daɗe, na ji ta ce "haba Baba, daina," sau biyu, sannan na ji kukanta. Ban taɓa jin Baba ya ba wani haƙuri ba a rayuwata, kuma ni na ja masa.

Ba a kira ni ba. Da magariba ta yi na tafi gida.

Alhamis, tara na safe

Na kira, Yaya ta ɗauka. Ya ci abinci. Ya bari ta ɗiga masa. Bai tambaye ni ba.

Juma'a, huɗu na yamma

Gyaran ya fita. An cire hoton bango, tabon gam huɗu ya rage.

Wasiƙar ban haƙurin sau shida na rubuta ta. Duk wadda na kai wa mai gwajinmu sai ta ja layi a ƙarƙashin "an samu kuskure" ta ce wa ya same shi. Ta ƙarshe tana cewa mun matsar, mun cire, ba mu tambaye ku ba, kuma abin da ya tafi ba za mu iya dawo muku da shi ba.

Mutum ɗari biyu da wani abu. Ina ta tunanin matar nan ta shagon mai gyara.

Lahadi, bakwai na yamma

Da rana Yaya ta turo: ya ce ka zo bayan la'asar.

Na same shi a bakin taga. Wayar ba ta hannunsa. Ya nuna min tabarma, na zauna. Bai amsa gaisuwata da tsawo ba.

"Ka tuna abin da ta ce a kanka a ciki?"

Da na ce eh da an wuce wurin. Na gaji. Na ce, "Baba, ban taɓa jin ta duka ba. Sau ɗaya na kunna, a mota, na sa saurin ninki biyu, ina tsallake daƙiƙa sha biyar-sha biyar. Na ce zan zauna in ji sosai in na samu natsuwa."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka gaya wa farashin abin da dama ya san ya yi tsada.

"To zauna yanzu."

Na zaro wayata don in ɗauka. Ya ji motsin. Ya ce, "Mayar."

Ya gyara zama, ya rufe ido, ya fara. Da muryarsa, ba kwaikwayo, amma kalmominta ne, har da yadda takan ce "to, ina nake ma" idan ta ɓata. Ta fara da tambayar ko abin yana ɗauka. Ta yi maganar makullin akwati, da bishiyar da ke bayan ɗaki da ba ta so a sare, da sukarin da Baba ke ƙarawa a shayi in ta juya baya. Ta yi maganar Yaya mai tsawo. Ta yi tawa, gajeriya ce, kuma ba zan rubuta ta ba, don ba irin wadda ake ba mutum a satin da ya yi abin da na yi ba ce.

Wuri ɗaya ya tsaya yana laluben kalma. Yaya daga bakin ƙofa ta ce, "Labule, Baba." Ya ce a'a, taga ta ce. Ta ce labule. Ya ce shi da ya ji sau ɗari tara za a gaya wa? Ta ce to taga. Can ya ce, "Labule ne."

Can wajen tsakiya ya sake tsayawa. Na ɗauka mantuwa ce, na kalli Yaya ko za ta taimaka masa. Ta girgiza min kai, ta ce a hankali, "A nan take tari."

Muka jira, mu uku, har tarin ya wuce. Sannan Baba ya ci gaba.